Jarabawar da Na Zauna da Sunan Auta

Ke da kika rubuto min jiya kina cewa ba ni da imani, Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa, amma ki gyara zama, don ba ki ji komai ba tukuna. Yau zan faɗi abin da na aikata da hannuna, ba ragi, ba kwalliya. In kun gama karantawa ku zage ni, na yarda. Amma ku fara jin yadda aka yi.

Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ake kirana Barista a gidanmu, Baba ne ya laƙaba min. Shekara talatin ya yi a rumfar masu buga takardu a bakin kotu, shi da tsohuwar tafiretarsa, yana buga wa mutane takardar rantsuwa, ta canjin suna, ta shaidar shekaru. Lauyoyi suna wucewa ta gabansa da baƙaƙen rigunansu, yana miƙewa yana gaishe su, wani ya ɗaga masa yatsa ɗaya, wani ko kallo. Abin ya ci masa rai har ya rantse sai an yi lauya a gidansa. Wani tsohon lauya da ya ajiye aiki ya ba shi rigarsa da hular gashin nan mai kama da audugar katifa. Baba ya rataye su a durowarsa cikin leda, duk wata sai ya canza kafur. Duk baƙon da ya zo sai an fito da rigar an nuna masa, sannan a nuna ni.

Kada ku ɗauka tilas aka yi min. Wallahi ina son abin nan kamar raina. Mu biyu ne kawai a gidan, ni da ƙanwata Auta, shekara ɗaya na ba ta. Kamarmu ɗaya, har maƙwabta kan rikita mu, amma a fuska kamar ta tsaya. Auta in ta buɗe littafi minti goma ya yi yawa ta fara hamma.

Ga wadda ba ta sani ba, jarabawar shiga karatun lauya ba irin ta makaranta ba ce. Sai kana da sakamakon sakandare mai kyau kafin ma a saurare ka, kuma sau biyu kacal ake barin mutum ya zauna a rayuwarsa. Tambaya ɗari da ashirin, awa biyu, kowace da zaɓi huɗu, ka cike ɗan da'irar da fensir. Akwai harshe, akwai al'amuran yau da kullum, akwai auna hankali, akwai tunanin shari'a. Ka dace, maki ɗaya. Ka bari ba ka amsa ba, ba ka ci ba, ba a ci ka ba. Amma ka kuskure, sai a zabge maka kwatan maki. Ku riƙe maganar kwatan nan, ita ce komai.

Bara na zauna karo na farko. Saura minti biyar ina da tambaya tara da ban sani ba, zuciya ta ce min cike kawai, Allah na nan. Na cike da ka. Duk taran suka faɗi. Maki ɗaya da kwata ya hana ni shiga, da na naɗe hannuna na bar su da tuni ina aji. Baba ya yi sati uku bai amsa gaisuwata ba. Mama kuwa in za ta aike ni sai ta ce,

“Barista mai kwata, zo ki ɗauke kwanukan nan.”

Auta ta sheƙe da dariya har da riƙe ciki.

A wannan lokacin ne Mai Kafe ya shigo rayuwata. Shagonsa na intanet yana kan layinmu, kwamfuta huɗu, injin buga takarda, da farin ƙyalle a bango inda yake ɗaukar hoton fom. Dogo ne, kullum hannun riga a naɗe, agogo mai baƙin fata, ga ƙamshin turare tun daga ƙofa. Ranar da na duba sakamako a shagonsa na fashe da kuka, shi ya miƙo min hankici ya ce saura dama ɗaya ai, kuma shi zai tsaya min. Ya tsaya ɗin. Ya buga min tambayoyin shekara goma da suka wuce, ya ɗinke min su da kansa. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina: “Baristata, kin karya? Ki kula min da kan nan.” Sai jar zuciya guda biyu da hoton sikeli. Har gida ya zo ya gaida Baba, aka san da maganarmu. Ni kuwa na narke, kada ku tambaye ni.

Ranar da aka buɗe fom na bana, na saka doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na ɗauki fayil ɗina na tafi shagon ina jin kaina. Ya ja min kujera kusa da shi, yana shigar da bayanai yana tsokanata. Da ya zo kan ranar haihuwa ya danna, sai wani jan rubutu ya fito. Ya goge ya sake. Jan rubutun ya dawo.

“Miƙo satifiket ɗin nan in gani,” ya ce, murmushin ya tafi.

“Lafiya?”

“Shekararki nawa?”

“Sha tara, ai ka sani.”

“A nan ashirin da ɗaya ne. Bana sun ƙara sharaɗi, duk wanda ya wuce ashirin ba zai zauna ba.”

 Na san da maganar shekarun nan, amma ban taɓa ɗaukarta komai ba. Ina shekara huɗu na fara karanta allunan shaguna, Baba ya ga abin alfahari, ya ce ba zan jira ba. Makaranta ta ce sai 'yar shekara shida. Shi da wannan ce sana'arsa? Ya zauna gaban tafireta ya ƙara min shekara biyu, aka buga hatimi, washegari aka saka ni aji ɗaya. Tun daga nan ƙaryar take bina a kowace takarda.

Da na gaya wa Baba ko a jikinsa.

“Wannan ne ya sa kike kuka? Shekarun mutum nawa na gyara a garin nan? Gobe kafin azahar kin koma sha tara.”

Ya buga takardar rantsuwar kuwa, mai kyau, har da jan hatimi. Muka kai ofishin jarabawa tare, ya saka rigarsa ta zuwa taro. Matar da ke kan tebur ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce ranar haihuwar da ke kan satifiket ɗin sakandare kaɗai suke aiki da ita, ba rantsuwa, ba gyara, saboda masu buga takardun bakin kotu sun lalata abin. A gabansa ta faɗa, ba ta san shi ba. Muka kamo hanyar gida. Ina ta jira ya ce ki yi haƙuri, laifina ne. Har yau da nake rubutun nan ina jira.

Bayan kwana biyu, da la'asar, aka kira ni falo. Baba na kan doguwar kujera, Mama a gefensa tana gyaran farce, Auta a ƙasa tana latsa waya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Mai Kafe, zaune a kujerar baƙi, jakar kyamararsa a cinya.

Baba ya yi gyaran murya.

“Na yi tunani. Ke kina da kai ba ki da shekaru. Auta tana da shekaru, ta gama sakandare bana, takardunta lafiya lau, amma kai sai addu'a. To duk ni na haife ku. Za a cike fom da sunanta, ke ki zauna.”

Na ɗauka ban ji daidai ba.

“Baba, in zauna in ci, ita ta shiga?”

“Rigar dai gidan nan za ta zauna ko? Mene ne bambancin?”

“Bambancin ni ce, Baba! Shekara nawa ina...”

“Ke!” Mama ta katse ni. “Da kin ci bara da wa zai zauna yana wannan maganar? An ba ki dama kin zubar a kan kwata. Yanzu a ce ki amfani 'yar uwarki shi ne kike ɗaga murya?”

Na juya ga Mai Kafe, ina jiran ya ce wani abu. Ya ce ɗin.

“Ta fannin hoto babu matsala, Baba. Katin shiga kawai suke dubawa. In ta saka mayafin Auta na ɗan rage haske, ko Mama sai ta duba sau biyu.”

Ashe ma shi ya kawo dabarar hoton. Da zai tafi na bi shi ƙofar gida ina hawaye, ya sassauta murya ya ce,

“Haba Baristata. Ni ke nake so, da riga ko ba riga. Ki yi wannan don Baba, ki rufa masa asiri, daga nan mu yi maganar aurenmu.”

'Yan uwa, na yarda. Ku yi min dariya, na cancanta. Washegari na zauna gaban farin ƙyallen nan da shuɗin mayafin Auta, ya ce in ɗan karkata kai yadda take yi, ya ɗauka. Wata uku ina karatu kamar zan haukace. Na haddace tambayoyin shekara goman nan har ina iya faɗin shafin da kowace take. Na cika littafi guda da koyon sa hannun Auta. Ita kuwa tana kwance tana kallon fim, in na ce ta rage sauti sai ta ce,

“Yaya, ki dage fa, kada ki ba ni kunya.”

A hankali sunana ya bar ni. Baba ya fara da wasa, “ina Barista ƙarama?” Kafin wata guda ƙaramar ta faɗi, ta zama Barista kawai. Ni kuma ranar da wata ƙawar Mama ta zo, da kunnena na ji Mama tana cewa, “wannan ai yayar Barista ce.” Na ajiye tiren ruwa na koma ɗaki. Na ce ba komai, ina da wanda ya san ko ni wace ce.

Ana gobe jarabawa, da hantsi, ina zaune a ɗaki ina bitar ƙarshe. Auta ta shiga wanka ta bar wayarta a caji kan gadona. Wayar ta yi haske. Ba leƙe na yi ba, idona ne ya faɗa kai. “Baristata, kin karya? Ki kula min da kan nan.” Jar zuciya biyu, da sikeli.

Na ɗauko tawa wayar na duba. Nawa saƙon ya shigo minti ɗaya kafin nata, amma an cire kalma ɗaya. “Kin karya? Ki kula min da kan nan.” Na ja sama na ga tun sati shida da suka wuce ya daina rubuta min Baristata, ni ce karatu ya rufe min ido. Na san lambobin buɗe wayar Auta, na buɗe. Abin da na gani ba zai faɗu duka ba. Akwai inda ya rubuta, “ki lallaɓa ta har a gama, kada ki ɓata mata rai yanzu.” Ita kuma ta amsa, “ai tana ta haddar, abin tausayi,” da fuskar dariya guda uku.

Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan. Na sami Mama a kicin tana yanka albasa, na ajiye mata wayar a gabanta. Ta kalla, ta ci gaba da yankanta.

“Mama, kin sani?”

“Na sani, Babanku ma ya sani. Yaron ya zo ya yi magana ta hankali. Ya ce shi tun farko burinsa ya auri lauya, to laifi ne? Ai bai bar gidan ba, daga ɗaki ɗaya ne zuwa ɗaki ɗaya. Mun ce a bari sai kin fito jarabawa, kada hankalinki ya rabu.”

“Ni kuma fa?”

“Ke kuma Allah zai kawo naki. Kina da kai, ko koyarwa kika samu kya yi. Ɗauke wayar nan kada ruwa ya taɓa mata.”

Na ɗauke. Na mayar da ita caji daidai yadda na same ta. Da Auta ta fito tana goge gashi har na tambaye ta ko in ara mata man shafawata.

Ranar jarabawa Baba da kansa ya raka ni har bakin ƙofa, yana ta min addu'a da sunan Auta don kada wani ya gane. Mai duba kati ya kalli hoto, ya kalle ni, ya ce wuce. Babban zaure ne, fankoki suna juyawa, tebura a jere, kowa da fensir biyu da abin gogewa. Na sa hannun Auta a rajista, ya fito tsaf har da 'yar lanƙwasar da take yi a ƙarshe. Aka ce a fara.

Tambaya ta farko na san ta tun kafin in gama karantawa, amsarta ta uku ce. Na ɗora fensir a kan da'ira ta uku. Hannuna ya tsaya. Na tuna fuskokin dariya ukun nan. Sai na matsa da fensirin na cike ta farko, na cike ta sosai, baƙi ƙirin, yadda injin dubawa ba zai yi shakka ba.

Wallahi ban taɓa natsuwa a jarabawa irin ta ranar ba. Faɗuwa da gangan aiki ne, sai ka san daidai kafin ka kauce mata. Kowace tambaya sai na karanta ta sau biyu, na gano amsarta, na tabbatar, sannan na zaɓi wadda ta fi kowace nisa da ita. Guda huɗu ne suka shige min duhu. Waɗannan na bar su ban taɓa ba, don bara ta koya min hankali, ba na cika abin da ban sani ba. Tsorona kada in cike da ka in dace.

Da na fito Baba yana tsaye a rana inda na bar shi.

“Yaya?”

“Guda huɗu kawai ban sani ba, Baba.”

Ya ɗaga hannu sama, har idonsa ya kawo ruwa. Ban yi masa ƙarya ba ai.

Sati uku aka yi. Ranar da aka ce sakamako zai fito da ƙarfe goma sha biyu, tun safe gidanmu ya ɗau harama. Mama ta canza labulen falo. Baba bai je rumfa ba, ya fito da rigar daga leda, ya goge ta da kansa. Ya ce Auta ta gwada. Rigar da tun ina sha biyu ake nuna min, ban taɓa sakawa ba don ya ce sai ranar. Ta zura ta a kan jar doguwar rigarta, ta ɗora hular a kan ɗankwali, falon ya cika da warin kafur. Mai Kafe ya zo da kyamara da sabon aski, yana cewa ta ɗan ɗaga haɓa. Ni aka ba riƙon labule don haske ya shigo.

Sha biyu da minti huɗu wayar Baba ta yi ƙara. Ya lalubi tabarau bai gani ba, ya miƙo min wayar.

“Karanta mana, yayar Barista. Da ƙarfi.”

Na saki labulen, na karɓa, na karanta da ƙarfi kamar yadda ya ce. Na fara da cikakken sunan Auta da lambarta.

“Amsa daidai, babu. Kuskure, ɗari da sha shida. Wanda ba a amsa ba, huɗu. Jimlar maki, ashirin da tara ƙasa da sifili.”



“Injin ne,” Mama ta ce. “Injinsu ne ya lalace.”

Mai Kafe ya fizgi wayar ya karanta, ya sake karantawa.

“Ba zai yiwu ba. Ko ido aka ɗaure wa mutum aka ba shi fensir sai ya dace da kamar talatin. Ba wanda zai kuskure duka, sai dai in...”

Bai ƙarasa ba. Baba ne ya ɗago ya kalle ni. Shekara talatin yana kallon masu rantsuwa a kan ƙarya, ya san fuska.

“Huɗun da kika ce ba ki sani ba,” ya ce a hankali.

“Su ne na bari, Baba.”

“Sauran ɗari da sha shidan?”

“Duk na sani.”

Na ga lissafin yana shiga masa. Wanda ya zo na ɗaya bara casa'in da takwas ya samu, Baba da bakinsa ya sha faɗa min. Ya dafe kai a kan kujerarsa. Na so in ji tausayinsa, na lalubi zuciyata ban samu ba.

Auta ta fasa ihu.

“Muguwa! Kin kashe ni! Da sunana fa za a kafe a allo!”

“Saura miki dama ɗaya ai,” na ce. “Ki dage, kada ki ba ni kunya.”

Mama ta taso da hannu a sama za ta mare ni, sai wayar ta sake ƙara a hannun Mai Kafe. Ya duba, na ga fuskarsa ta canza, ya fara neman jakar kyamararsa da ido. Baba ya ce masa ya karanta, ya kasa. Ni na karɓa na karanta musu wannan ma. Ofishin jarabawa ne. Sun ce sakamakon mai wannan lamba ya ja hankalin kwamiti, ana buƙatar ta bayyana ranar Litinin ƙarfe tara, da katin shigarta, da asalin takardunta, da sunan shagon da aka cike mata fom. Za ta sake sa hannu a gabansu, kuma za ta amsa wasu tambayoyi da baki.

Mai Kafe ya ce bari ya leƙa shago, ya bar wani yana jira. Ba wanda ya kalle shi.

Baba ya sauko daga kujerar nan, mutumin da bai taɓa ce min yi haƙuri ba, ya dafa gwiwata.

“Barista,” ya ce. Ni yake nufi. Yau sunan ya dawo. “Barista, ke za ki je. Ke kika san yadda za ki yi musu magana. Ki rufa mana asiri.”

Na kalli hannunsa a gwiwata. Na kalli Auta, hular ta karkace mata, majina na zuba a wuyan rigar da ya goge da safe. Na ajiye masa wayarsa a kan tebur, na gyara mayafina.

“Baba, ni shekarata ashirin da ɗaya, kai ka buga da hannunka. Ban isa shiga jarabawar nan ba. Wadda sunanta ke jiki ga ta nan, har ta saka riga.”